Tsamiyarmu a Farantin Mutanen Tailan



Da aka ba da sanarwa cewa maganar da za mu yi yau a nan Badarawa ta shafi cin abinci a gidan abincin mutanen Tailan, mun tabbata akwai waɗanda suka ce a ransu, ashe ƙungiya ta rasa abin tattaunawa. Ga tsadar rayuwa, ga rashin aikin yi, sa'an nan a tara jama'a a kan zancen taliya da jatan lande? Muna roƙon a yi mana uzuri. Abin da ke cikin farantin nan ya taɓa albashin kowannenmu, ya taɓa gonar iyayenmu, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wurin nan, nan da shekara goma ko ashirin, su ne za su riƙa sa hannu a takardun da za su yanke abin da talaka zai ci da nawa zai saye shi.

A ƙasar Hausa ta dā, magidanci ba ya zama ya ci tuwo a kasuwar garinsu. Abin kunya ne, don kuwa kowa zai ce gidansa ba lafiya. Tuwon sayarwa na gwauro ne da baƙo da fatake. Magidanta kuwa ciyayya suke yi: bayan magariba kowa ya fito da akushinsa ƙofar gida, a haɗa, a ci na wannan a koma na wancan, mai miyar nama da mai miyar kuka tsura duk hannunsu cikin kwano guda. Kaduna tana cikin garuruwan da suka fara karya wannan al'ada a Arewa, domin gari ne da Turawa suka kafa don mulki, suka dawo da hedkwatarsu nan daga Zungeru a 1917, aka cika shi da akawuna da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa waɗanda suka baro iyalinsu a gida. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, sai dubban samari suka ƙaru, kowa yana neman inda zai ci da rana. Daga nan 'yan tuwo-tuwo da masu shayi suka sami kasuwa. Manya kuma suka sami Hamdala, daga baya aka gina musu otel ɗin Durbar saboda bikin FESTAC na 1977. Unguwanni irin su Badarawa da Malali da Unguwar Dosa da Kawo sun cika ne da 'ya'ya da jikokin waɗannan mutane, watau mu ke nan. Saboda haka cin abinci a waje ba baƙon abu ba ne gare mu. Abin da ya sake shi ne irin abincin, da kuɗinsa, da kuma abin da mutum yake so a gane game da shi idan an gan shi a wurin.

To, ƙaramin ma'aikaci ne aka tura shi kwas Abuja ko Ikko, inda ake da irin waɗannan gidaje. Bayan an tashi, maigidansa na ofis ya ce a je a ci abincin Tailan. Wuri ne mai sanyi, fitilu ba su cika haske ba, tebura a share, an miƙo masa takardar jerin abinci cike da sunayen da bai taɓa ji ba. Yana duba farashi gabansa ya faɗi, domin faranti ɗaya ya kai cefanen gidansa na kwanaki. Aka kawo abinci, aka jera a tsakiyar tebur, kowa da shinkafarsa a gabansa, yana ɗiban miya kaɗan daga wannan kwano, kaɗan daga wancan. Cokali ne a hannun dama, mai yatsu a hagu yana tura abinci cikin cokalin. Ba a ba kowa wuƙa ba, don an riga an yayyanka komai tun a madafa. Idan ya natsu zai ga ai ciyayya ce, sai dai an ɗora ta bisa tebur an sa mata kuɗi. A harshensu ma, idan za a ce a ci abinci, cewa ake yi a ci shinkafa, kamar yadda mu muke cewa a zo a ci tuwo ko da dambu ne a kwanon.

Bari mu buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi suna shi ne pad tai: taliyar garin shinkafa ce da ake soyawa da ƙwai da jatan lande ko kaza, a zuba mata ruwan tsamiya da sukari da barkono, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa, a matsa lemun tsami. Akwai som tam, watau ɗanyar gwanda da ake fiffigewa a daka sama-sama a turmi da barkono da tafarnuwa da gyaɗa da lemun tsami. Duk wanda ya taɓa cin kwaɗon rama ko na zogale ya san danginsa ne. Akwai sate, nama a tsinke da aka gasa a kan garwashi, ana dangwala shi a miyar gyaɗa, kuma ba sai mun gaya wa Bahaushe sunan wannan ba. Abin da ke ba miyarsu ƙarfi shi ne nam pla, ruwan ƙananan kifaye da ake jerawa da gishiri a bar su watanni har su narke, warinsa a kwalba ya kori baƙo, amma a tukunya ya gyara miya. Aikin daddawa ke nan. Mutanen arewa maso gabashin ƙasar kuma shinkafa mai danƙo suke ci, su ɗebo da hannu su mulmula su dangwali miya, tamkar mai cin tuwon shinkafa da miyar taushe. Abin da ba mu saba da shi ba sai madarar kwakwa da wasu ganyaye masu ƙamshin lemo.

Ita tsamiyar nan, masana tsirrai sun ce asalinta Afirka ce, tun zamanin dā aka kai ta Indiya, daga can ta wuce gabas. Barkono da gyaɗa kuwa daga nahiyar Amurka suka fito, jiragen Turawan Fotugal suka yaɗa su, suka iso wurinmu suka isa wurinsu. Akwai ma wata miya da ake kira masaman, sunan daga kalmar Musulmi aka samo shi, don fataken Musulmi ne suka kai musu salonta da kayan ƙamshinta. A nan ya kamata mu ɗan ratse mu yi gargaɗi: yawancin mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, naman alade yana da yawa a girkinsu, kuma sau da yawa kasko ɗaya ake soya komai. Akwai Musulmi masu yawa a kudancin ƙasar, a lardunan Fattani da Yala da Naratiwat, akwai kuma majalisar Musulunci da ke ba da shaidar halal ga kayan da ake fitarwa. Duk da haka Musulmin da ya shiga irin wannan gida ya buɗe baki ya yi tambaya. Kunyar tambaya a gaban manya ta sa mutane da yawa sun ci abin da ba su sani ba.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi kayan da ke zube a kowace kasuwar ƙauye a ƙasarmu suka zama abincin manya da zarar an sa musu sunan wata ƙasa? Amsar tana cikin tarihi, kuma akasarinta aikin ma'aikatan gwamnati ne irinmu.

Ƙasar nan dā Siyam ake kiranta, kuma ita kaɗai ce a yankinta Turawa ba su mallaka ba. A 1855 sarkinta ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Ingila, wadda ta buɗe ƙofar fitar da shinkafa, tun daga lokacin kuwa shinkafa ta zama musu abin da gyaɗa da auduga suka taɓa zama mana. A 1938 wani soja mai suna Fibun ya zama Firayim Minista, a 1939 ya sake wa ƙasar suna zuwa Tailan. Mutum ne mai mulkin kama-karya, har dokar sa hula da tufafin Turawa ya kafa wa jama'a, don haka ba abin koyi ba ne a komai. Amma a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da ambaliya ta 1942 ta ci gonaki shinkafa ta yi wuya, gwamnatinsa ta shiga kiran jama'a su ci taliya su kuma sayar da ita, tana koya musu yadda ake dafawa. Taliya asalinta ta mutanen Sin ce. Aka gyara ta da tsamiya da gyaɗa, aka laƙaba mata sunan ƙasa. Abincin da duniya take ɗauka gadon kaka da kakanni ne bai cika shekara ɗari ba.

Na biyu, iri. Wajen 1950 wani malamin gona ya zaga gonakin wata gunduma yana tattara zangarnun shinkafa mai ƙamshi, ya tara 199, aka shuka su layi-layi a tashar bincike. Layi na 105 shi ya fi, aka ware shi, aka yi ta gwaji, a 1959 aka raba wa manoma. Ita ce shinkafar da suke kira hom mali, wadda a yau take cikin mafiya tsada a kasuwar duniya. Inda ta fi kyau kuwa wani fili ne mai yashi da gishiri a arewa maso gabas, wanda sunansa ke nufin filin da ya sa fatake kuka saboda wahalar ratsa shi. A 2013 Tarayyar Turai ta yi wa shinkafar wannan fili rajista, ba mai ikon sayar da wata da sunanta. Mu ma fa muna da tashar bincike a Samaru tun 1922, muna da ta Badeggi a Jihar Neja, kuma malamanmu na can ba su gaza kowa ilmi ba. Bambancin shi ne abin da ke faruwa da iri bayan ya bar hannun mai bincike.

Na uku shi ne wanda ya haifi gidan abincin da muke magana a kai. A 2002, zamanin Firayim Minista Taksin, gwamnatin Tailan ta ƙidaya gidajen abincin ƙasarta da ke ƙasashen waje ta sami kimanin 5,500, ta ce tana son su kai 8,000. Aka horar da kuku, aka rubuta musu littafin jagora, bankin gwamnati ya ba masu son buɗewa rance, aka tsara fasalin gidaje iri uku, na masu ƙaramin ƙarfi da na matsakaita da na masu hali. Ma'aikatar ciniki ta fito da tambarin shaida da take ba gidan da ya cika sharuɗɗa. Har yarjejeniya suka yi da ƙasar Niyu Zilan a kan biza ta musamman don masu dafa abincinsu. Lissafin a fili yake: kowane gida da aka buɗe a Landan ko Ikko zai riƙa odar shinkafa da ruwan kifi da madarar kwakwa daga gida, wanda ya ci ya ji daɗi kuma wata rana zai sayi tikitin zuwa Bankok. Maigidan da ya biya kuɗin abincin nan a Abuja bai sani ba, manomin da bai taɓa gani ba ya biya.

Amma kada wani a cikinmu ya ce shi bai taɓa shiga irin wannan gida ba, don haka ba ruwansa. Tailan ta riga ta shigo tukunyarmu tun kafin a haifi yawancinmu. Lokacin da aka biya ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, kuɗin mai ya yi yawa, fari na 1972 zuwa 1974 ya riga ya karya manoma, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa dalar Kano. Shinkafa, wadda dā abincin Salla ce da biki a gidaje da yawa, ta zama abincin kullum a birni, don matar ma'aikaci da ita ma take zuwa ofis ba ta da lokacin surfe da daka. Gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Shagari ta kawo nata na bunƙasa noma a 1980, amma a wannan lokacin ne aka kafa kwamitin shigo da shinkafa a ƙarƙashin Alhaji Umaru Dikko, jaridu suka cika da zargin yadda ake rabon takardun izini. Babangida ya hana shigo da ita a 1985, aka ɗage hanin a 1995. A 2015 Babban Banki ya daina ba masu shigo da ita kuɗin waje, a watan Nuwamba na shekarar aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka buɗe a Disamba na 2020. A Janairu na 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja. A Oktoba na 2023 aka janye hanin kuɗin wajen, a 2024 kuma aka ba da rangwamen kuɗin fito na wasu watanni. A 2024 ɗin ne kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, alhali a lokacin buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura wannan kuɗi. Manomin da ya ci bashi ya faɗaɗa gona, da attajirin da ya kafa injin casa, wanne daga cikin waɗannan hukunce-hukunce za su dogara da shi?

A duk tsawon wannan buɗewa da rufewa, shinkafar ba ta daina shigowa ba. Jamhuriyar Binin, wadda jama'arta ba su kai na Jihar Kano ba, ta taɓa zama cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan a duniya. Kowa ya san inda buhunan suke nufa daga tashar Kwatano, kowa ya san hanyar Maraɗi da Jibiya, kuma ɗan fasa-ƙwauri ba ya wucewa sai da sanin wani mai albashi.

Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Shinkafar da muke kira 'yar Tailan ba ita ce ake zubawa a gidan abincin can ba. Tamu gumi ce, watau wadda aka jiƙa aka turara tun tana shanshera kafin a cashe, mutanen Tailan kuwa ba su cika cin gumi ba. Don mu da sauran kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya suke yin ta. Sun aiko an duba abin da muke so, suka koma suka kafa masana'antarsa. Gumi kuwa sana'ar iyayenmu mata ce, a Kura da Argungu da Bida da sauran garuruwan shinkafa, da tukunya da itace da tabarmar shanya. A wurin shanyar nan a ƙasa tsakuwa take shiga, tsakuwar nan kuwa ita ta daɗe tana korar matan birni daga 'yar gida. Injinan zamani da aka kafa a Kano da Kebbi da Jigawa sun rage wannan matsala ƙwarai, dole a yaba. Kuma a tuna, shinkafa ba baƙuwa ba ce a nan: akwai jinsinta na Afirka, mai jan baya, wanda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara cikin ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce.

Ba mu ce duk abin da gwamnatin Tailan ta taɓa ya zama alheri ba. A 2011 gwamnatin Yinlak, ƙanwar Taksin, ta yi alkawarin sayen shinkafar manoma da farashin da ya zarce na kasuwa nesa. Rumbuna suka cika, shinkafa ta riƙa lalacewa, baitulmali ya yi asara mai yawa, a 2012 Indiya ta ƙwace musu matsayin na ɗaya wajen fitarwa bayan sun riƙe shi kimanin shekara talatin. A 2017 kotu ta yanke wa Yinlak ɗaurin shekara biyar bayan ta bar ƙasar. Wanda ya bi labarin rancen manoma na nan gida, da yadda kaso mai yawa bai dawo ba, zai ga kama. Abin da ya yi musu amfani shi ne ayyukan da ba su da armashi a jarida: zaɓen iri, awon inganci, rajistar suna, horar da ma'aikaci, da riƙe manufa guda shekara da shekaru ko gwamnati ta sake.

Abin takaici shi ne abincinmu ya riga nasu tafiya, kuma da ƙafarsa ya tafi, ba gwamnatin da ta raka shi. A Sudan akwai agashe, ko sunan ba a sake ba. A Makka da Jidda jikokin alhazanmu suna sayar da tsire, Larabawa suna layi. A Gana akwai kokon da suke kira na Hausa ana sha da ƙosai, akwai wake da shinkafa da suke kira wace, akwai tuwon zafi. Kalmar suya ta shiga babban ƙamus na Oxford. 'Yan'uwanmu na Nijar sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajistar suna. A watan Disamba na 2024, a zama guda, hukumar UNESCO ta sa hawan Salla na Kano cikin kayan gadon duniya, ta sa romon jatan lande na Tailan, ta sa abincin rogo na Kwaddibuwa. Mun kai dawakinmu, mun bar masa da fura da kilishi a gida. Hatta rogon, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa nomansa, Tailan ce ta fi kowa sayar da garinsa a duniya. Cittar Kachiya da Jaba ta jiharmu, kafin cutar da ta afka mata a 2023, a buhu take fita, wasu su niƙa su ƙulla su sa sunansu.

Ba muna cewa a ƙaurace wa abincin baƙi ba. Wanda ya sami hali ya je ya ci, ilmi ne, in dai ba bashi ya ci don a gan shi ba. Amma ya ci da idonsa a buɗe. Ya duba tsabtar wurin, ya lura cewa ɗanɗanon yau shi ne na gobe saboda awo ake yi, ya tambayi daga ina tsamiyar ta zo. In ya dawo Badarawa ya tsaya wurin mai masa da ke bakin titi, wadda ta shekara ashirin tana ciyar da unguwa, ba ta taɓa samun rance ba, ba wanda ya taɓa rubuta awon ƙullinta, jami'in da ya taɓa zuwa wurinta kuwa haraji ya zo karɓa. Cikin ɗaliban da ke nan akwai masu karatun kimiyyar abinci da na noma da na shari'a. Awon ƙullin masa, da tsawon kwanakin da kilishi zai yi a ƙunshe bai lalace ba, da dokar da za ta kāre sunan cittar Kachiya, kowannensu ya isa aikin binciken shekarar ƙarshe.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.